Bimbinin Safiya: Abin da Ya Iso Mana Daga Ƙurɗuba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tashe mu lafiya, ya ƙara mana wani yinin da ba mu biya ko sisi a kansa ba. Tun gari bai gama wayewa ba, tun ba a fara sallama a ƙofar gida ba, ɗan'uwa ka ɗan ƙara zama a kan buzunka, mu leƙa wani gari mai nisa.

A wurare da dama cikin Alƙur'ani Allah ya umarci bayinsa su zaga ƙasa, su dubi yadda ƙarshen mutanen da suka gabace su ya kasance. A Suratur Rum, aya ta 9, an tuna mana cewa waɗancan mutane sun fi ƙarfi, sun kuma fi raya ƙasa. A Suratul Hajji, aya ta 46, an nuna mana cewa makantar da ya kamata a ji tsoro ita ce ta zuciya. Mutum biyu sukan tsaya a gaban kango ɗaya, wannan ya koma gida da hotuna cike da waya, wancan ya koma da tsoron Allah.

Garin da za mu leƙa shi ne Ƙurɗuba, wanda mutanen Sifaniya ke kira Kordoba, a kudancin ƙasar, cikin yankin Andalus. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu ba ya cika awa biyu ya kai ka. Da bazara zafin garin kan haura digiri 40, shi ya sa baƙo mai dabara da sassafe yake fita. Idan ka biyo ta kudu za ka taka tsohuwar gadar da Rumawa suka fara ginawa a kan kogin da Larabawa suka sa wa suna Wadil Kabir, kana tafe kana hango doguwar katangar dutse mai ruwan ƙasa. Bayan katangar nan babban masallacin Juma'ar Andalus yake.

Ta farfajiya ake shiga, inda bishiyoyin lemo suke jere a filin da a da ake alwala. Daga hasken farfajiyar sai ka faɗa cikin inuwa mai sanyi, idonka ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba. Sannan ginshiƙai su fara bayyana, sama da 850, na marmara da na sauran duwatsu, layi bayan layi har inda ido ya gaji. Tsakanin kowane ginshiƙi da ɗan'uwansa an ɗaura abin da maginanmu ke kira bakan gizo, har hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an saɓa jan bulo da farin dutse. Dalilin hawa biyun ma abin lura ne. Ginshiƙan farko daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na sarakunan da suka biyo bayansu aka kwaso su, kuma gajeru ne. Maginan ba su ce sai an kawo musu dogaye ba. Da abin da ke hannunsu suka yi aiki, suka ɗora baka a kan baka don rufin ya ɗaga, sai ga shi dabarar da ƙarancin kayan aiki ta haifa ita ce yau duniya ke tururuwar zuwa gani.

Wanda ya aza harsashin wannan gini ɗan gudun hijira ne. A shekarar 750 Abbasiyawa suka kifar da daular Banu Umayya a Sham, suka bi 'yan gidan suna karkashewa. Wani saurayi daga cikinsu, Abdurrahman ɗan Mu'awiya, ya faɗa kogin Furatu ya haye da iyo. Ƙanensa da ya yarda da alkawarin aminci ya juya baya, aka kashe shi a gaɓa yayansa yana kallo daga ɗaya tsallaken. Shekara biyar Abdurrahman yana ɓuya a arewacin Afirka, har ya kai ga dangin mahaifiyarsa, kafin ya tsallaka teku a 755, ya kama Ƙurɗuba a 756. Sai da ya kusa shekara 30 a kan mulki sannan ya fara masallacin, wajen 785, kuma shekara uku bayan nan ya rasu. Na bayansa suka yi ta ƙari yayin da gari ke cika. Alhakam na biyu, wanda ya hau mulki a 961, shi ya gina mihrabin da ake gani yau, ɗan ɗaki sukutum, an ƙawata bakinsa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi, an zagaye shi da ayoyi cikin rubutun Kufi. Gwanin da ya koya wa mutanen garin wannan aiki sarkin Rumawa na Kustantiniyya ne ya aiko shi, kuma Kirista ne. Waziri Almansur ya yi ƙarin ƙarshe wajen 987, ta gabas, domin ta kudu kogi ya tare hanya.

Musulmi ba ya shiga wurin nan zuciyarsa ta fito yadda ta shiga. Ga mihrabi, babu liman. Ga filin da zai ɗauki dubban mutane, babu sahu. A shekarar 1236 Sarki Fardinan na uku na Kastila ya ci garin, aka mayar da masallacin coci. A 1523 aka fasa tsakiyarsa aka tayar da babbar majami'a a ciki. Hasumiyar da Abdurrahman na uku ya gina an lulluɓe ta cikin hasumiyar ƙararrawa. Wanda ya yi niyyar kabbara a ciki yau, masu gadi za su dakatar da shi. In hawaye ya zo maka a nan, bar shi ya zubo, babu laifi.

Sai dai ina jiye mana baƙin cikin da ke tsayawa a kan ɗora wa wasu laifi, domin irinsa ba ya gyara kowa. Adalci ya sa a faɗa cewa Kiristocin garin sun riƙe ginin nan kusan shekara 800 ba su rushe shi ba, kuma lokacin da aka zo fasa tsakiyarsa majalisar garin da kanta ta tashi tsaye ta ƙi, sai da sarki ya sa baki aka rinjaye ta. Ginshiƙan da Musulmi suka yi salla a tsakaninsu, wasu sun riga su jingina da su. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda kuma yake son ya san inda ɓarakar ta fara, sai ya fita daga masallacin ya nufi yamma, tafiyar kimanin kilomita 8.

A can kangon Madinatuz Zahra yake. Abdurrahman na uku, mai laƙabin Annasir, ya ayyana kansa halifa a 929, wajen 936 kuma ya fara gina wannan sabon birni a gindin tsauni, hawa-hawa: fada a sama, lambuna a tsakiya, gari a ƙasa. Jakadun Rumawa da na sarkin Jamus sun zo har fadarsa neman ganawa. Birnin bai cika shekara 80 ba. A 1010, cikin yaƙin basasar da masu tarihin Andalus suka kira Fitina, sojoji Musulmi, masu kalmar shahada ɗaya da ta mazauna birnin, suka afka masa, suka wawashe, suka cinna wuta. Daga nan ya zama wurin ɗibar duwatsu ga duk mai gini, ƙasa ta rufe saura, har sai 1911 da aka fara tono shi. A 1031 halifanci ya mutu, ƙasar ta tsage gida sama da 20, kowane gari da sarkinsa, wasu har suna biyan sarakunan arewa haraji don a taya su yaƙar maƙwabcinsu Musulmi. Fitinar da mutuwar halifancin sun faru shekara 200 da ɗoriya kafin Fardinan ya iso ƙofar Ƙurɗuba.

Kuma ba a rasa mai faɗakarwa ba. Alƙalin alƙalan garin, Munzir ɗan Sa'id Alballuɗi, ya ga inda aka dosa. An ruwaito cewa aikin ginin Zahra ya shagaltar da halifa har Juma'a uku a jere ba a gan shi a masallaci ba. Ranar da ya zo, Munzir ya hau mumbari ya buɗe huɗuba da ayoyin Suratush Shu'ara inda Annabi Hudu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake tsawata wa Adawa a kan gine-ginen alfahari. Halifa ya san da shi ake, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Amma da ɗansa ya ba shi shawarar ya cire alƙalin daga limancin Juma'a, sai ya ƙi, ya nuna cewa mai tsoron Allah irin Munzir ba a cire shi don a faranta wa rai. Allah ya jiƙan mai faɗa, ya jiƙan mai ji. Shi wannan halifa, bayan rasuwarsa a 961, an ruwaito an tsinci takarda da rubutun hannunsa, inda ya lissafa ranakun da ya yi cikin farin ciki tsantsa a mulkin kusan shekara 50. Guda 14 suka kama.

Ɗansa Alhakam ya tara littattafan da masu tarihi suka ce sun kai 400,000. Almansur ya sa an ƙona wasu, Fitina ta watsa saura, abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba.

To, ɗan'uwa, fada ta ƙone, taskar littattafai ta watse, masallaci ya koma hannun wasu. Amma akwai abin da ya fito daga Ƙurɗuba ya ratsa teku da Sahara, kuma da wannan asubar da nake maka magana yana buɗe a kan buzu a wani zaure a Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Damagaram. Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya san sunan da ke buɗe babi bayan babi: Yahaya. Da yawa cikinmu mun saba da jin sunan har ba mu taɓa tambayar ko wane ne ba. Shi ne Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, mutumin Ƙurɗuba, asalinsa daga ƙabilar Masmuda ta tsaunukan Maroko. Ba jinin sarauta ba ne, ba kuma Balarabe ba.

A garinsu ya fara karatu wurin Malam Ziyad ɗan Abdurrahman, wanda ake kira Shabɗun, sannan ya ɗauki hanyar Madina, daga ƙarshen yammacin duniyar Musulunci ta wancan zamani, don ya ji daga bakin Malik da kansa. An ruwaito cewa wata rana suna zaune ana karatu sai aka yi shela cewa ga giwa ta shigo gari. Ɗalibai suka watse, kowa ya ruga kallo, Yahaya kaɗai ya rage. Malik ya tambaye shi me ya hana shi fita, alhali babu giwa a Andalus. Yahaya ya amsa cewa ya baro ƙasarsu ne don ya ga Malik, ya koyi iliminsa da halinsa, kallon giwa ba ya cikin abin da ya kawo shi. Daga ranar Malik ya yi masa laƙabi da mai hankalin mutanen Andalus.

Mu daɗe kaɗan a kan wannan labari, domin a nan bimbininmu yake. Kallon giwa ba haramun ba ne. Halittar Allah ce, aya ce ma ga mai lura, kuma babu wanda ya ce ɗaliban da suka fita sun yi zunubi. Abin da ya bambanta Yahaya shi ne bai manta abin da ya raba shi da gida ba. Ya san kuma wani abu da ɗoki ya mantar da sauran: Malik dattijo ne, shekarunsa sun haura 80. Malamai sun ce a shekarar 179 bayan Hijira Yahaya ya saurari Muwaɗɗa, shekarar da Malik ya rasu ke nan, wato 795. Giwa za a iya ganinta wata shekarar, a wani garin. Zama a gaban Malik kuwa ya kusa ƙarewa har abada.

Mu a yau ba sai an yi mana shela ba, giwarmu tana cikin aljihu. Da yawa cikinmu kafin mu gama azkar ɗin safe hannu ya riga ya kai kan waya: wane ya ce, wance ta mayar, ga rigimar malamai, ga bidiyon da kowa ke magana a kai. Mafi yawansa ba saɓo ba ne, kuma abin da ya sa yake da wuyar bari ke nan, tunda zuciya ba ta jin ta yi laifi. Amma a daidai wannan lokaci akwai abin da ba zai jira ka ba. Tsohuwa tana ɗakinta, ta idar da salla, tana sauraron takun wanda zai leƙo ya gaishe ta. Malamin unguwa da ya haddace littattafan da babu wanda ya karɓa daga gare shi, ƙafafunsa sun fara nauyi. Yaronka yana shekarun da in ka biya masa Fatiha sau uku ta zauna, kuma shekarun nan ba sa dawowa. Ke ma 'yar'uwa, 'yarki tana tsaye kusa da ke tana ɗaukar yadda kike alwala da yadda kike magana a kan maƙwabta, ko kin lura ko ba ki lura ba.

Akwai wani abu na biyu game da Yahaya da ya fi labarin giwa taɓa ni. A cikin Muwaɗɗa, wajen ƙarshen littafin I'itikafi, akwai 'yan babuka da ya yi shakkar ko ya ji su kai tsaye daga Malik. Ya san su sarai, ya karance su tun a gida. Da ya haɗa su da saura ya ce duk daga bakin Malik ya ji, wa zai kama shi, a garin da ke nesa da Madina tafiyar watanni? Bai yi haka ba. Ya sa sunan malaminsa Ziyad a tsakani, ya rage wa kansa daraja a wurin da babu mai gani sai Allah. Har yau haka yake a kowane bugu da ke kasuwa. Ni a ganina wannan amanar tana cikin abin da ya sa Allah ya ɗaga ruwayarsa. Mutane da dama sun ruwaito Muwaɗɗa daga Malik, wasunsu sun fi Yahaya daɗewa tare da shi, amma in aka ce Muwaɗɗa aka yi shiru, tasa ake nufi. Ka gwada wannan da yadda muke tura saƙo an jingina shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ga wani malami, ba mu tsaya mun tambayi inda ya fito ba. Yaushe rabonka da ka ce wa mutane, wannan ban ji da kunnena ba, wane ne ya gaya mini?

Da ya koma gida ya zama babban mai fatawa na Andalus. An yi masa tayin alƙalanci ya ƙi karɓa, duk da haka Sarki Abdurrahman na biyu ba ya naɗa alƙali sai ya shawarce shi. Ya rasu a 848. Ɗansa Ubaidullahi ya karɓi littafin daga gare shi ya karantar da shi har tsufansa, daga nan hannu ya miƙa wa hannu. Ibn Abdil Barri, shi ma haifaffen Ƙurɗuba, ya yi masa sharhi a Tamhid da Istizkar. Littafin ya tsallaka Maroko, ya bi ayarin raƙuma, har Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya lissafa shi cikin abin da ya karanta wurin malaminsa Muhammad Bagayogo. Haka ya yi ta tafiya har ya iso zaurukanmu.

Ba shi kaɗai ya iso ba. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu, Alfazazi a Ƙurɗuba ya tsara ta wajen 1207, saura ƙasa da shekara 30 garin ya faɗi. Imam Alƙurɗubi, wanda masu tafsirinmu ke ambata duk azumi, ya bar garinsu ya ƙare rayuwarsa a Masar, ya rasu can a 1273. Mutumin da ya rasa gari, bai rasa alƙalami ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban raina gina masallaci ba, ina ni ina raina abin da Annabi ya yi wa mai yinsa albishir da gida a Aljanna. Shekara 450 ana salla a masallacin Ƙurɗuba, kuma ladan kowace sujada yana rubuce ga waɗanda suka gina don Allah, babu sarkin da zai iya ƙwace wannan. Abin da nake kuka da shi namu ne na yau. Muna rige-rigen doguwar hasumiya da tayil da fitilu masu ƙyalli, alhali malamin Islamiyyar da ke karantar da yaranmu a barandar wannan masallacin yakan yi watanni ba a ba shi ɗan abin da aka yi masa alkawari ba. Mai kuɗi ya fi son abin da za a liƙa wa allo da sunansa. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan ayyukan da ba sa yankewa bayan mutuwa ya jera sadaka mai gudana tare da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. Yahaya ya samu na biyu da na uku a cikin gida ɗaya, ba tare da ya aza tubali ko ɗaya da tarihi ya riƙe ba.

Wanda Allah ya hore wa zuwa Ƙurɗuba, ya je, ya buɗe ido da kyau, ya tsaya gaban mihrabin nan ya yi wa waɗanda suka gina shi addu'a a zuciyarsa, ya kuma daure ya ƙarasa kangon Zahra kafin ya juyo. Wanda bai samu iko ba, rabonsa na garin yana nan kusa da shi, a hannun malamin unguwarsu.

Yanzu rana ta fara ɗagowa. Kafin ka taɓa waya, tashi ka gaida mahaifiyarka in tana raye, in ta rigaya ka yi mata addu'a. Ka zaunar da yaro ka biya masa ko aya ɗaya ce. In akwai littafin da ka fara a gaban malam ka ajiye, yau ka je ka ce masa ka dawo. In kuma akwai haƙƙin malamin yaranka a wuyanka, kada azahar ta yi bai shiga hannunsa ba.

Allah ya jiƙan Imamu Malik, ya jiƙan Yahaya da Ziyad da Ubaidullahi, da duk wanda ya riƙe amanar ilimi har ta iso gare mu. Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya tsare garuruwanmu daga fitinar da ke tasowa daga cikin gida, ya sa mu gane abin da ya kawo mu tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu yini lafiya. Amin.